Fuskar Laure a Jikin Buhu

A kasuwar Argungu dillalan shinkafa suna da wani ƙarfe mai rami, mai tsinin baki, da suke soka wa buhu a ciki su zaro 'yan ƙwayoyi su duba. Dalilin sananne ne. Mai kaya yakan zuba mai kyau a baki da gindi, ya cusa lalatacciya a tsakiya, ya ɗinke, ya zo yana rantse-rantse. Saboda haka ba buhun da ke tsallake ƙarfen nan, ko na limamin gari ne. Sai buhun Laure ta Gulma. Shi kam in an sauke shi daga mota, dillali dafa shi kawai yake yi ya ce a ɗauka. Wani baƙon dillali ya taɓa ɗaga ƙarfe zai soka, sauran suka yi masa ca, suka ce, "Kai, aje! Wanga na Laure na." Da wannan aka san ta, kuma ban da shi ba ta da wani abin nunawa a duniya. Ba ta da babbar gona, ba ta da shanu, ko ɗan kunnen zinari ba ta taɓa sawa ba.

Gumi ta gada wurin uwarta Inno. Wanda bai san gumi ba sai ya ɗauka dafa shinkafa ne kawai. Ina! Shanshera ce, wato shinkafa da ɓawonta, za a jiƙa, a tsame, a turara a rabin duro kan wutar buntu, wato ɓawon shinkafa, a shanya, a yi ta juyawa da ƙafa cikin rana, sannan a kai inji, a dawo a sheƙe, a zauna a tsince tsakuwa har ido ya yi ja. Aiki ne mai cin baya da ƙirji. Tun Laure ba ta kai tsawon duron ba take tura buntu a wuta, yayarta Sadatu na juya shanya tana ƙunƙuni. Sadatu ta tsani aikin, ranar da aka kai ta ɗakin miji cikin Argungu ta ce ita da hayaƙi har abada. Laure ta zauna Gulma, ta auri Kalilu, manomi mai ɗan taɓa kamun kifi in ruwa ya ja baya, ta ci gaba da shan hayaƙinta.

Haihuwarta ta fari namiji ne, aka raɗa masa Shafi'u. To a gidansu Laure kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta duban idonsa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ko faɗa ba ta yi masa kai tsaye. Wasu matan suna yi sama-sama, in yaro ya girma su saki. Laure kuwa ta riƙe abin da hannu biyu. Da aka yaye shi Sadatu ta zo ta goye shi ta tafi da shi Argungu, don lokacin Allah bai ba ta nata ba. Laure na tsaye gindin duro, ko waiwayawa ba ta yi ba, hawaye na zuba, ta ce hayaƙi ne. Tun daga ranar sunansa a bakinta "ɗan Sadatu". Akwai wani mai babur a Gulma da ake kira Shafi'u, shi ma bai tsira ba, "mai sunan ɗan Sadatu" take ce masa, yara na dariya. Yaron ya tashi yana kiran Sadatu Inna, ita kuwa wadda ta haife shi yana ce mata Innar Gulma.

Kada wani ya ce rashin so ne. Wallahi a cikin 'ya'yanta babu wanda ya kai shi a ranta. Duk kaka, tsintar da ta fi kowace kyau ita take ɗaurewa ta aika gidan Sadatu, ta ce, "A kai ma Yaya," alhali kowa ya san bakin da ake nufi. Da ƙyanda ta kama shi ta je Argungu ta wuni a bayan ɗaki tana sauraren numfashinsa ta taga, ba ta shiga ba. Wuri ɗaya ne kaɗai sunan ke fitowa, a sujada, shi ma a zuci, leɓe ko motsi ba ya yi. Da Kalilu ya rasu ya bar ta da ƙananan yara, gumin nan ne ya ciyar da su, ya kuma taimaka wa Sadatu da hidimar karatun ɗan nata, ta bayan fage, ba tare da an gaya masa ba.

Shafi'u ya girma, ya yi boko daidai gwargwado, ya buɗe ɗan shagon hatsi a Birnin Kebbi. Yaro ne mai fara'a, mai zaƙin baki, in ya zo gaisuwa Gulma yakan durƙusa daga bakin ƙofa, ya gaida labule. Laure kuma ta amsa wa labule. Haka suke, kuma babu wanda abin ya dama.

Ana nan sai wasu mutanen Birnin Kebbi, 'yan kasuwa da malaman makaranta da matan gida, suka kafa wani kwamiti suka fara yekuwar da suka kira Cinikin Adalci. Manufar mai kyau ce, ba a musu. Suka ce mutanen birni su riƙa sayen kayan da aka sayo kai tsaye daga hannun masu wahalarsa, a farashin da ba zalunci, ba dillalin da zai murɗe musu wuya, kuma abin da aka ce yana cikin buhu shi ne a ciki. Shagon da ya yarda sai a manna masa koren tambari a ƙofa. Rediyo ya ɗauka, safe da yamma. Shugabar kwamitin wata tsohuwar malamar makaranta ce, Hajiya Zuhura, mace mai tsoron Allah da saurin yarda da mutane. Shafi'u ya je ya same ta ya ce yana da mata masu gumi a Gulma, shugabarsu ƙanwar Innarsa ce, kuma a tambayi duk kasuwar Argungu ko an taɓa soka wa buhunta ƙarfe. Aka tambaya, aka tarar gaskiya ne.

Saƙo ya iso Gulma ta bakin Sadatu, don ta nan duk maganarsu ke bi. Abu biyu yake so. Na farko Laure ta tara masa matan gari masu gumi, su daina kai wa dillalan Argungu, shi zai riƙa zuwa da mota yana kwashewa. Na biyu a ɗauki hotonta a buga a jikin buhu.

Laure ta dafe ƙirji. "Fuskata, Yaya? Ga buhu? Wanda 'yan dako ka zama bisa?"

"Ke dai kin cika ƙauyanci," in ji Sadatu. "Yaro ya ce mutanen birni sai sun ga fuska suka yarda. Mi za ya rage ki da shi?"

Ranta bai so ba ko kaɗan. Amma ta duba, tun da aka haifi yaron nan bai taɓa roƙon ta komai ba, ko ruwan sha. Wannan ne na farko. Da wane baki za ta ce a'a? Ta ce, "Ki ce ma ɗanki na ji."

Tara matan ne ya fi wuya. Aminiyarta Hodi, wadda suka tashi tare tun suna tallar ƙuli-ƙuli, mace ce mai baki kamar reza, ita ta fara tsayawa. Ta ce dillalan Argungu azzalumai ne, sun sani, suna danne mudu suna tula masa kai, amma dai kullum suna nan. In aka juya musu baya, motar birni ta daina zuwa, wa zai karɓe su? Laure ta dube ta, ta dubi sauran matan, ta ce, "Ni na tsaya muku. In wani abu ya faru, ni za ku kama." Shi ke nan magana ta ƙare, don a Gulma in Laure ta ce ta tsaya, an gama.

Shekarar farko kam sai hamdala. Hajiya Zuhura ta zo da kanta, ta zauna kan tabarma ta ci tuwon shinkafa da miyar kifi, ta sha hayaƙi har ta yi tari, aka ɗauki hoton Laure da faifai a hannu tana noƙe kai. Mota ta riƙa zuwa a kai a kai. Ana awo a shafe bakin mudu, ba tuli, ba dannawa. Hodi ta yi wa ɗakinta rufin kwano, wata ta sayi tunkiya, wata ta mai da 'yarta makaranta. Hodi ta riƙa tsokanar Laure tana ce mata "Hajiyar buhu". In mota ta zo Laure takan shige ɗaki ta bar Hodi da awo, amma tana jin muryarsa a waje yana ba'a da mata, zuciyarta fari ƙal. A sujada kuwa addu'ar da take masa ta ƙara tsawo.

Sai bayan girbin rani na shekara ta biyu mota ta fara jinkiri. Daga jinkiri ta ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Saƙo ya zo ta bakin Sadatu cewa a yi haƙuri, a ajiye kaya, kada a sayar wa kowa, yana nan tafe. Mata suka jibge buhuna a ɗaka suna jira. Zafi ya wuce, hadari ya fara haɗowa, ƙwari suka fara shiga shinkafa. Wata da yunwa ta ci ƙarfinta ta saci jiki ta kai buhu Argungu, dillalai suka yi mata dariya suka ce, "Ki kai ma adalci shi saya." Daga ƙarshe suka karɓa a wulaƙance. Kullum da safe mata na leƙowa gidan Laure suna tambaya, tana ce musu yana tafe, don abin da aka gaya mata ke nan.

Rannan Hodi ta je suna a Gesse, unguwar manyan gidaje a Birnin Kebbi. Da ta dawo ko gida ba ta biya ba, ta faɗo gidan Laure da mayafi a kafaɗa, ba sallama.

"Laure, ashe haka kike?"

"Lafiya, Hodi?"

"Lafiyar ke nan! Shago na shiga Gesse, buhunna sun kai rufi, sabbi ful, kowane da fuskarki tana murmushi. Mai shago ya ce ko shekaranjiya an kawo. Mu kin ce mu jira, namu na ruɓewa, ke kina turawa ta bayan gida ke da ɗanki!"

Laure ta ja ta zuwa ɗaki ta nuna mata nata buhunan a jibge, ƙwari na yawo a kai. Hodi ta ce wannan na rufe ido ne, ita abin da ta gani ta gani. Kafin la'asar labari ya gama Gulma. Washegari ba wadda ta leƙo. Matar da ta saba zuwa ɗibar wuta ta tsallake gidan ta tafi na gaba. A bakin rijiya Laure ta yi sallama, aka amsa a ciki-ciki, kowa ta sunkuya kan gugarta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ciwon da ko mutuwar Kalilu ba ta yi mata irinsa ba, don ita mutuwa ba ta ce mata maci amana ba.

Ta shirya ta hau mota zuwa Argungu, daga nan ta kama ta Birnin Kebbi. Suka wuce fadamar Zauro, ba ta ko dubi shinkafar da ke shimfiɗe ba. Ta yi ta tambaya har aka kai ta shagon mai koren tambari a Gesse. Tana shiga ta ga kanta. Kanta a sama, kanta a ƙasa, kanta an jingine da bango, duk da faifai a hannu. Mai shagon ya dube ta, ya dubi buhu, ya yi tsalle.

"La ilaha illallahu! Inna, ke ce da kanki? Ku kawo kujera! Jama'a, ga mai shinkafar nan ta zo!"

Ba ta zauna ba. Ta ce, "Ɗana, kana da ƙarfen soka buhu?"

Ya yi dariya. "Akwai, Inna, amma ai naki ba a soka mai. Wanda ke kawowa ya ce abin kunya ne a soka."

"Ba ni."

Ya miƙo mata yana mamaki. Ta zaɓi buhu ɗaya, ta kafa ƙarfen daidai kumatun hoton, ta danna da ƙarfinta. Abin da ya gangaro tafin hannunta ko makaho ya shinshina ya san ba lafiya. Shinkafa ce da ruwa ya taɓa ci, ta yi baƙi-baƙi, gutsattsari, ga tsakuwa, ga warin rima, irin na kayan da suka sha danshi. Ta sa aka kwance bakin buhun, sama fara tas. Tsohuwar dabarar nan dai da ta sa aka ƙera ƙarfen tun farko. Wata mata da ta zo sayayya ta matso, ta yi ƙasa da murya cikin ladabi ta ce, "Inna, ai mun jima muna gani. Mun ce ko tsufa ne ya fara taɓa miki ido, shi ya sa ba mu yi magana ba." Laure ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta zuba ƙwayoyin a gefen zanenta ta ƙulle, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba.

Gidan Sadatu ta sauka a Argungu, ta kwance ƙullin ta ajiye gabanta, ta ce a kira shi. Ya zo da yamma cikin shadda mai maiƙo, ya durƙusa bakin ƙofa kamar kullum. Laure ta juya fuska ga bango, Sadatu na tsakiya.

"Yaya, ki tambayi ɗanki, wagga shinkafa ta wa ta?"

Ya ce, "Inna, ki gaya ma Innar Gulma kasuwa ce ta buɗe fiye da zato. Shaguna sun yi yawa, kowa fuskarta yake nema. Matan Gulma ba su iya cika ko rabi, ga tsada, ga jinkiri. Na samu wadda ambaliya ta taɓa wajen fadama da sauƙi, na ce in ɗan cike da ita kafin in miƙe. Da na miƙe zan koma in kwashe nasu duka."

"Yaya, ki ce ma ɗanki mata sun daina gaishe ni."

"Inna, ki ce ta ƙara haƙuri. Mata ne, da sun ga mota za su manta."

"Yaya, ki ce mai shi cire fuskata ga buhunnai."

"Inna, buhunan an riga an buga su da yawa. Kuma in an cire fuskar, wa zai saya?"

Sadatu ta gyara zama ta ce, "Ke ma dai Laure, yaro na neman na kansa, ki bar shi mana. Wa ya mutu don ya tauna tsakuwa?" Laure ta ci gaba da kallon bango. Maganganu cike da bakinta, irin waɗanda uwa ke kama kunnen ɗa ta zuba masa, amma shekara talatin da wani abu ba ta taɓa yi ba, ba ta san ta inda ake farawa ba. Shi kuma ya san haka sarai. Ya yi sallama ya tashi, ƙamshin turarensa ya daɗe a ɗakin.

Ba a jima ba kwamiti ya shirya zuwa Gulma don ɗaukar hoton bidiyo na cikar yekuwar shekara biyu. Shafi'u ya aiko cewa mata su hura wuta, su ɗora duro, su yi fara'a, da baƙi sun tafi zai kwashe kayansu. Matan suka zo, amma ba wadda ta ɗauko ko tsinken ashana. Suka zauna gindin dogonyaro suka yi jugum, duro a kife, murhu a sanyaye. Laure na gefe ita kaɗai, an bar fili tsakaninta da su.

Hajiya Zuhura ta sauko daga mota da fara'arta, Shafi'u na biye, mai kyamara na bayansu. Ta yi sallama, ta dubi murhu, ta dubi fuskoki, fara'ar ta ragu.

"Lafiya dai, 'yan'uwa? Yau ba aiki?"

Hodi ta miƙe. "Hajiya, aikin mi? Tun girbin rani ba a ɗauki ko mudu ɗaya wurinmu ba. Namu na ɗaka ƙwari na ci. Wadda ke cika shagunanku, ki tambayi mai fuska ga buhu inda take fitowa."

Hajiya Zuhura ta juya ga Shafi'u. A nan ne fa ya yi abin da har gobe in an tuna a Gulma sai an yi salati. Bai daburce ba, bai ko share gumi ba. Ya haɗa hannu cikin ladabi ya ce, "Hajiya, ni dai wurin Innar Gulma nake karɓar kaya, a ɗinke. Abin da ke ciki da yadda suke rabawa tsakaninsu, wannan ita ta sani. Ni ban taɓa soka wa buhunta ƙarfe ba."

Kai, jama'a! A gaban uwarsa, tana zaune. Ya faɗa ne yana kallon takalminsa, hankali kwance, don ya san matar da ko mai babur ba ta iya kiran sunansa ba za ta buɗe baki ta kama shi gaban mutane ba. Kunyar da ta yi masa tun yana cikin zanen goyo, ita ya ɗauka ya yi garkuwa da ita. Matan suka juyo gaba ɗaya suna kallon Laure, Hodi ta riƙe haɓa.

Hajiya Zuhura ba ta san ko wace ce Laure a wurinsa ba, ita dai an ce mata ƙanwar Innarsa ce. Ta matso ta durƙusa ta ce a hankali, "Inna, gaskiya ne? In ba ke ba ce, ki gaya mini ko wane ne. Ba zan iya kama kowa da zato ba, sai da bakinki."

Laure ta daɗe kanta a ƙasa. Ta tuna ranar da ta ce wa matan nan ita za su kama. Ta tuna matar Gesse da maganar tsufa. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta janye mayafi daga fuskarta, ta ɗaga ido ta sauke a kansa. Rabonta da ta kalli fuskar nan sosai tun yana shan nono. Ashe har ya fara furfura a gemu, ashe goshin Kalilu ne da shi.

Ta ce, "Shafi'u."

"Na'am," in ji shi. Amsar ta kuɓuce masa kafin ya yi tunani, da wata 'yar murya kamar ta yaro.

Wata tsohuwa ta saki salati. Hodi ta toshe baki da hannu biyu, don ita ta san abin da aka fasa a wurin.

"Shafi'u, dube ni. Yaushe rabonka da karɓar buhu hannuna?"

Ya kasa. Ya mai da idonsa kan takalminsa.

Ta juya ga Hajiya Zuhura. "Hajiya, wanga ɗana na, ni na haife shi, shi na ɗan farina. Shi ya cika buhunnan da shinkafar da ruwa ya ci, ya sa fuskata bisa. Matan ga ba su da laifi, ni ma laifina ɗaya, na tsaya mai." Ta mai da mayafinta, ta bi ta tsakiyar mata ta shige gida, suna buɗa mata hanya.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Kwamiti ya janye buhunan daga shaguna, ya karɓe tambarinsa daga hannun Shafi'u, Hajiya Zuhura ta nemo wani ya kwashe abin da ƙwari suka rage na matan. Hodi ta zo har ɗaki tana kuka tana neman gafara, Laure ta ce ba komai, ta miƙa mata faifai suka ci gaba da tsinta. Sadatu ta yi fushi ta ce an tozarta mata ɗa, ta ɗauke ƙafa. Laure ta koma kai kayanta Argungu. Ranar farko dillali ya dafa buhun zai ce a ɗauka, ta ce masa, "Soka." Ya ce haba Inna. Ta ce, "Soka, na ce." Tun daga ranar ba ta yarda a ɗauki buhunta sai an soka.

Sai bayan sallar layya ya samu ƙarfin zuwa. Ya rame, ba shadda, ba turare. Ya durƙusa bakin ƙofa inda ya saba, ya gaida labule. Labulen ya ɗaga. Laure ta fito da kwanon ruwa, ta shimfiɗa masa tabarma kamar yadda take yi wa kowane baƙo, ta zauna gabansa ta dube shi ido cikin ido.

"Shafi'u, ka zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen birni?"

Nan ya fashe da kuka, ƙaton mutum, har da shessheƙa. Ya ce, "Inna, don girman Allah ki koma cikin ɗaki. Ki juya mini baya. Ki koma ce mini ɗan Sadatu."

Ta dube shi, ita ma idonta ya kawo ruwa, wannan karon ba wuta a murhu balle ta ce hayaƙi ne. Ta so ta iya, wallahi ta so. Ta lalubi kunyar nan a zuciyarta, inda ta saba samunta shekara da shekaru, ta tarar babu. Ta tura masa kwanon gabansa.

"Sha ruwa, Shafi'u," ta ce. "Ka sha rana."